Banki ya karɓe gida ya sayar, kuma yana bin ka saura: yadda ake warware ragowar bashin gida a Birtaniya

A Birtaniya, idan mutum ya sayi gida da lamunin banki, abin da ake kira mogej, sannan biya ya gagara har kotu ta ba banki izinin karɓe gidan, miƙa makulli ba ya kashe bashi. Banki zai sayar da gidan ya cire kuɗinsa. In abin da aka samu ya wuce abin da ake bin ka, a mayar maka da rara. In bai kai ba, giɓin yana wuyanka, ko da kai ne ka kai musu makullin da hannunka ba tare da an shiga kotu ba.

Ga misali. A ce uwar kuɗin da ta rage fam 180,000 ce, kuɗin ruwan da ya taru a watannin da ba ka biya ba fam 9,000, kuɗin lauyoyi da dillali da gyaran gida fam 6,000. Jimla fam 195,000 ke nan. Aka sayar da gidan a gwanjo fam 170,000. Sauran fam 25,000 shi ne bashin da wannan jagora take magana a kai. Wasiƙar nemansa tana iya zuwa bayan wata biyu, tana kuma iya zuwa bayan shekaru, daga wani kamfanin da ba ka taɓa jin sunansa ba, domin bankuna suna sayar da irin wannan bashi ga kamfanonin karɓar bashi.

Abin da ke tafe dokar Ingila da Wales ce. Ta Scotland ta sha bamban a wurare da dama, kuma wanda gidansa yake can ya nemi mai ba da shawara na can.

Mafi yawan ɓarnar da mutum yake yi wa kansa a wannan lamari, a makon da wasiƙa ta iso yake yin ta. Shi ya sa jerin matakan nan yake da muhimmanci: kwanan wata kafin lissafi, lissafi kafin ciniki, takarda kafin kuɗi.

Mataki na farko: kada ka biya, kada ka amsa, kada kuma ka yar da wasiƙar

Mutumin kirki idan aka ce ana bin sa, abu na farko da yake zuwa masa a rai shi ne ya tura ɗan wani abu don a ga yana da niyya. A nan wannan niyyar tana iya jawo maka ƙarin shekara 12 na ɗawainiya. Kada ka tura ko fam ɗaya. In sun kira ka a waya suka ce ka ba da lambar kati “don a buɗe maka fayil”, ka ce a rubuto maka komai a takarda. Kada kuma ka rubuta wasiƙa ko imel da ke cewa “na san ana bi na, amma ba ni da hali yanzu”.

Abin da za ka rubuta gajere ne: ka samu wasiƙarsu mai lamba kaza, ba ka amince da wani bashi ba a halin yanzu, kana neman cikakken bayani. Ƙungiyar National Debtline tana da samfurin irin wannan wasiƙa a shafinta, kyauta, kuma ya fi kyau ka yi amfani da shi maimakon ka tsara naka. Ka adana kwafin duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, da ambulan ɗin, saboda tambarin kwanan wata.

A wannan makon ne kuma ya kamata ka kira masu ba da shawara kan bashi na kyauta: National Debtline, StepChange, Citizens Advice, ko Shelter da suka ƙware a harkar gidaje. Na san abin da ke hana namu mutanen kira: kunya, da tsoron kada magana ta fita a cikin jama'a har ta isa gida. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma waɗannan mutane sirrinka suke riƙewa. Kamfanonin da suke talla a intanet cewa za su shafe maka bashi in ka biya su lada, ka bar su inda ka gan su.

Mataki na biyu: ƙirga shekaru

Nan ne zuciyar maganar. Dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba banki shekara 12 ya kai ka kotu a kan uwar kuɗi, shekara 6 a kan kuɗin ruwa. An daɗe ana jayayya ko sayar da gida yana mayar da wa'adin shekara 6 baki ɗaya, har kotun ƙolin ƙasar ta wancan zamani ta rufe maganar a 2005, a shari'ar West Bromwich Building Society: shekara 12 ce. Kuma da yake bankuna kan cire kuɗin ruwa tukuna daga abin da aka sayar da gidan, ragowar galibi uwar kuɗi ce.

Daga yaushe ake fara ƙirga? Ba daga ranar da aka sayar da gida ba, kuma nan mutane da yawa suke ɓata lissafi. Daga ranar da banki ya samu ikon neman kuɗinsa gaba ɗaya ne, abin da yarjejeniyar mogej ɗinka ta fayyace. Yawanci bayan an tsallake biyan wata biyu ko uku ne. Don haka sai ka samo takardar yarjejeniyar da jerin biyan da ka yi.

Abu biyu ne ke mayar da ƙirgar farko: biyan wani kuɗi komai ƙanƙantarsa, da amincewa da bashin a rubuce da sa hannunka ko na wakilinka. A ce ikon banki ya fara a Maris 2012. In babu biya babu amincewa, wa'adi ya cika a Maris 2024. Amma in a 2019 ka tura fam 20 don su daina kiran ka, wa'adin ya koma 2031. Kuɗin tallafin da hukumar DWP, mai kula da tallafin gwamnati ga jama'a, ta biya banki kai tsaye a madadinka shi ma ana lissafa shi a matsayin biya, saboda haka ka duba ranar da aka yi na ƙarshe.

Yadda wannan tarko yake da saurin kamu, shari'ar bankin Bradford & Bingley ta 2006 ta nuna shi. Wata cibiyar ba da shawara ce ta rubuta wa bankin wasiƙu a 2001 a madadin wani mutum, tana cewa ba shi da halin biyan abin da ya rage, amma zai iya haɗa fam 500 a rufe magana. Kotun ƙoli ta ce waɗannan wasiƙu amincewa da bashi ne, ƙirga ta koma farko, bankin ya ci shari'a. Masu taimakonsa ne suka rubuta, da kyakkyawar niyya.

Akwai sauƙi ɗaya: in wa'adin ya riga ya cika, biya ko amincewar da ta zo daga baya ba ta tayar da shi.

In ku biyu kuka ci bashin, misali miji da mata, kowannenku ana iya bin sa dukan kuɗin, ba rabi ba, kuma rabuwar aure ba ta canza wannan a wurin banki. Biyan da ɗayanku ya yi yana mayar da ƙirga farko a kan ku duka. Amincewa a rubuce kuwa wanda ya rubuta kaɗai take kamawa. Wanda ya rabu da abokin zamansa ya nemi jerin biyan ya duba da kyau, domin tana yiwuwa ɗayan yana ta tura ɗan wani abu bai sani ba.

Ban da wannan doka, akwai ƙa'idar hukumar FCA mai sa ido kan bankuna. Ta ce in banki yana da niyyar bin giɓin, dole ya sanar da kai cikin shekara 6 daga ranar sayar da gidan, shekara 5 in a Scotland ne. Wannan ƙirgar daga ranar sayarwa take farawa, kada ka haɗa ta da ta kotu. Ta shafi lamunin gidan zama da aka ɗauka daga 31 ga Oktoba 2004, kuma tun a Fabrairu 2000 ƙungiyar masu ba da lamunin gida ta ɗauki irin wannan alkawari a kan mambobinta. Gidan da aka saya don ba da haya galibi ba ya cikin ƙa'idar FCA. In sun ce sun aiko maka da sanarwa, ka nemi kwafinta da adireshin da aka tura ta.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: ɗauko hukuncin kotun da ya ba su gidan ka karanta. Wani lokaci alƙali yakan haɗa da hukuncin biyan kuɗi a takarda ɗaya. In haka ne, an riga an kai ka kotu, maganar shekara 12 ba ta taso ba, sai dai in shekara 6 ta wuce suna buƙatar izinin kotu kafin su bi wasu hanyoyin tilasta biya.

Wani zai ce, ko wa'adi ya cika ai bashi bashi ne a wurin Allah. Gaskiya ne cewa dokar Ingila ba ta ce bashin ya mutu ba, ƙofar kotu kawai ta rufe. Abin da mutum zai yi tsakaninsa da Ubangijinsa, ya tambayi malaminsa. Amma ko wanda ya ƙudura zai biya, gara ya biya yana sane da matsayinsa, a kan adadin da shi ya ga ya dace, ba da barazana ba.

Mataki na uku: tona lissafin

In wa'adi bai cika ba, kada ka ɗauki adadin da ke kan wasiƙa kamar saukakke ne. Ka nemi a ba ka a rubuce: ranar biyanka na ƙarshe, ranar karɓe gida, ranar sayarwa da farashin, rahoton masu ƙiyasta darajar gida, yadda aka tallata shi, kowane kuɗin lauya da dillali da gyara ɗaya bayan ɗaya, da yadda aka raba giɓin tsakanin uwar kuɗi da kuɗin ruwa. In suna jan ƙafa, dokar kare bayanan mutum ta ba ka ikon neman duk bayanan da suke riƙe da su a kanka, kyauta, kuma wata ɗaya ke gare su su amsa.

Ƙa'idar FCA ta wajabta wa banki ya sa gidan a kasuwa da wuri, ya kuma nemi mafi kyawun farashin da hankali zai ɗauka. Ba a ce ya jira kasuwa ta tashi ba, amma ba shi da ikon karyar da shi. Ofishin rajistar filaye, HM Land Registry, yana wallafa farashin da aka sayar da gidaje, kuma dubawa kyauta ce. Ka duba gidaje irin naka a layinku a watannin da aka sayar da naka. Ka duba kuma ko wanda ya saya ya sake sayarwa ba da daɗewa ba da riba mai kauri. In gidan ya yi wata da watanni a rufe ba a tallata shi ba, kuɗin ruwa yana ta hawa, wannan ma abin ƙorafi ne.

Akwai inshorar da wasu bankuna suke sa mai ƙaramin kuɗin kafin alƙalami ya biya a farkon lamuni. Kai ka biya ta, amma banki take karewa. In kamfanin inshorar ya biya banki giɓin, yana iya juyowa ya bi ka. Ka tambaya ko an biya, nawa aka biya, kuma wa ke da ikon bin ka yanzu, don kada ka sasanta da ɗaya gobe ɗayan ya ɓullo.

In ka ga kuskure, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Banki yana da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe. In ba ta gamsar da kai ba, kana da wata 6 ka kai ga ofishin Financial Ombudsman Service, wanda ba ya karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi.

Mataki na huɗu: san abin da kake iyawa

Da gida ya tafi, giɓin ya zama bashi marar jingina, ajinsa ɗaya da na katin bashi. Kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, da tarar kotu duk suna gabansa, komai yawan sifirin da ke jikinsa. Mai ba da shawara zai taya ka cike takardar kasafi ta bai ɗaya da bankuna suka yarda da ita, wadda ke nuna shigarka da fitarka da abin da ya saura. In kana buƙatar numfashi, zai iya shigar da kai shirin Breathing Space da aka fara a Mayu 2021, wanda ke tsayar da kuɗin ruwa da matsin lamba na kwana 60.

Mataki na biyar: tayin rufe magana da kuɗi dunƙule

Mai bin bashin da ya ga kasafinka ya san fam 30 ne ke saura maka a wata, ya san fam 25,000 ba za ta fito ba ko a shekara 60. Kamfanin da ya sayi bashin kuwa ƙasa da darajarsa ya saya. Wannan ne ƙarfinka a ciniki. Babu wani kaso da doka ta yanke. Abin da za su karɓa ya dogara da shekarunka, lafiyarka, aikinka, ko kana da kadara, da kuma yadda wa'adi ya kusa cika.

A saman wasiƙar tayi ka rubuta “without prejudice”, kalmomin da ke nuna cewa maganar sulhu ce, ba abin da za a kafa hujja da shi a kotu ba. Suna da amfani ne inda akwai jayayya ta gaskiya a kan bashin ko adadinsa. Ba laya ba ce, shi ya sa in wa'adi ya kusa cika kada ka aika da tayi sai mai ba da shawara ya gani.

Kada ka fara da duk abin da ke hannunka. In fam 6,000 ka haɗa, fara da 4,000, ka bar wa kanka wurin hawa. Ka faɗi inda kuɗin ya fito, ka ce na ɗan lokaci ne, ka haɗa da takardar kasafi da shaidar rashin lafiya in akwai. In sun ƙi, ba ƙarshe ba ne. Sau da yawa amsar farko ta ma'aikacin da ba shi da ikon ragi ce.

In sun yarda, kuɗi ba zai motsa ba sai takarda ta zo da waɗannan: cewa sun karɓi adadi kaza a matsayin “full and final settlement”, wato biyan da ya rufe bashin baki ɗaya, cewa su ko wani da za su sayar wa ba za su bi ragowar ba, cewa yarjejeniyar ta haɗa da kamfanin inshora in yana ciki, da kuma ko ta saki wanda kuka ci bashin tare ko kai kaɗai ta saka. Alkawarin waya ba ya cikin lissafi.

Ga wata dabara da ba kowa ya sani ba. A tsohuwar dokar Ingila, in mai bashi ya biya wani kaso da kansa, wannan kaɗai ba lallai ya hana a bi shi ragowar ba. Amma in wani ne daban ya biya bisa sharaɗin a rufe magana, yarjejeniyar ta fi ɗaurewa. Mu kuwa da ma kuɗin irin wannan rana daga 'yan uwa yake fitowa. To, yayanka ko kawunka ya tura kuɗin kai tsaye daga asusunsa, tare da wasiƙar da ta ambaci sharaɗin. Ka ajiye takardar da rasit har abada, ka ɗauki hotonsu, domin bashin da aka rufe yakan sake ɓullowa a hannun wani kamfani bayan shekaru.

Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don ka biya wannan. In kuma akwai wasu masu bin ka, a raba kuɗin gwargwadon abin da kowa ke bi, saboda fifita ɗaya yana iya zama matsala in daga baya ka ayyana karayar arziki. A rajistar tarihin bashi ta Experian da Equifax da TransUnion za a rubuta cewa wani ɓangare aka biya, amma tabon yana gogewa bayan shekara 6 daga ranar da aka fara rubuta gazawarka, ba daga ranar sulhu ba.

In babu kuɗi dunƙule

Ka yi tayin biyan wata-wata daidai da kasafinka, ka nemi a tsayar da kuɗin ruwa, ka kuma nemi a rubuta cewa bayan shekaru kaza za a yafe saura. Ka tuna kowane biya yana sabunta wa'adi. Tsoho, ko mai ciwon da ba a sa ran zai koma aiki, yana iya neman a yafe baki ɗaya, da takardar likita.

Sai hanyoyin hukuma. Wanda jimlar bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, kadararsa ba ta wuce 2,000 ba, motarsa ba ta wuce 4,000 ba, kuma abin da ke saura masa a wata bai wuce fam 75 ba, yana iya neman umarnin DRO, wato umarnin hukuma na sauke wa marar hali bashi. Tun Afrilu 2024 ba a biyan kuɗin nema, kuma bayan wata 12 bashin yana faɗuwa. Ayyana karayar arziki fam 680 ne, galibi ana sakin mutum bayan shekara ɗaya, ko da yake mai rarar albashi yana iya biya har shekara 3. Tana shafar wasu sana'o'i, saboda haka ka duba yarjejeniyar aikinka. Akwai kuma yarjejeniyar IVA ta shekara 5 ko 6, wato tsarin biyan wani kaso na bashi da masu bin ka suka amince da shi, wadda masu talla suka fi turawa saboda ladan da ke cikinta.

A dukan waɗannan ana tambayar kadararka ta ko'ina a duniya. Fili a Kano, gida a Damagaram, ko kason gado da aka riga aka raba, duk suna ciki, kuma ɓoye su laifi ne. Ka faɗa wa mai ba da shawara tun farko, ya gaya maka hanyar da ta dace da kai.

In takardar kotu ta zo

Kafin su shigar da ƙara, ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoba 2017 ta ce su aiko da wasiƙar gargaɗi su ba ka kwana 30. In sammacin kansa ya iso, kwana 14 ke gare ka, ko 28 in ka mayar da takardar shaidar karɓa. Kotu ba ta duba cikar wa'adi da kanta. Kai ne za ka rubuta shi a matsayin kariya a fom N9B, in ba haka ba a yanke hukunci a kanka ko da shekara 20 ta wuce. Da hukunci a hannu suna iya neman a riƙa cira daga albashinka, ko a ɗora bashin a kan sabon gidan da ka saya.

Wanda ya tattara ya koma Najeriya ko Nijar ya sani cewa ana iya aika sammaci zuwa adireshinsa na ƙarshe a Ingila, a yanke hukunci yana can bai ji ba, sai ranar da ya dawo neman haya ko buɗe asusu ya tarar. Kafin tafiya, ka sanar da su sabon adireshi a wasiƙar da ba ta amince da bashin ba, ka sa Royal Mail ta riƙa juya maka wasiƙu zuwa gidan wanda ka yarda da shi. In an riga an yanke hukuncin ba da saninka ba, fom N244 ake cikewa a nemi kotu ta soke shi, kuma alƙali zai duba ko ka hanzarta daga ranar da ka samu labari.